Muhawara: Manyan Kamfanonin Burodi da Kek na Duniya, da Makomar Gidajen Burodinmu a Kaduna

Malamin Kasuwanci, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar na tsaya a wani kanti da ke kan titin Ahmadu Bello domin in saya wa yara abin da za su riƙa zuwa makaranta, sai na sami kaina ina juya ledojin biskit da na kek ɗaya bayan ɗaya ina karanta ƙananan rubutun da ke bayansu. Sunayen da ke gaban leda suna da yawa ƙwarai, amma masu su na ainihi ba su taka kara sun karya ba. Oreo, Ritz da TUC duk na Mondelez ne, kamfanin Amurka da ya samu daga rabuwar Kraft gida biyu a 2012, kuma shi ne uwar Cadbury ta Nijeriya mai yin Bournvita da TomTom. McVitie's, wanda muka taso muna ɗauka na Ingila ne tsantsa, yana hannun Yıldız Holding na Turkiyya tun 2014.

Da na juya ɓangaren burodi kuwa, sai na tarar duk wanda ke kan kantar an gasa shi ne a cikin garin nan, daga Kawo zuwa Barnawa, babu ko ɗaya na wani kamfanin duniya. Alhali kamfanin da ya fi kowane girma a sana'ar gashi a duniya, wato Grupo Bimbo na ƙasar Meziko, yana aiki a ƙasashe sama da 30, yana da masana'antu fiye da 200, kuma ya riga ya shigo Afirka ta Maroko tun 2017. Tambayar da nake son mu tattauna ita ce, me ya sa waɗannan ƙattai suka mamaye mana kantar biskit amma suka bar mana kantar burodi, kuma shin barinta suka yi ko dai lokaci suke jira?

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Shekarata goma sha bakwai a wannan sana'a, kuma amsar tambayarka ta farko ina ganinta kullum da asuba a ƙofar gidan burodina. Burodi kaya ne da ke fara mutuwa daga lokacin da aka zare shi daga gwangwani. Idan ya kwana ɗaya mai shayi zai karɓa, idan ya kwana biyu zai matsa shi da yatsa ya dube ka, idan ya kwana uku a lokacin damina funfuna ta fara fito masa a gefe, sai dai masu kiwon kaji ko kifi su ɗauka a farashin da bai kai kuɗin leda ba. Wannan shi muke kira kwantai, kuma kwantai ne ke kashe gidan burodi, ba ƙarancin ciniki ba.

Saboda haka wanda zai sayar da burodi a Kaduna dole ne tanderunsa ya kasance a Kaduna ko kusa da ita, dole ne ya san mai shayin da ke bakin tashar Kawo da mai tiredar da ke cikin lungun Rigasa, ya kuma yarda ya ba su bashi da safe ya karɓi kuɗinsa da daddare. Ni yarona da ke fita da Keke Napep ya san wanda ake bai wa bashi da wanda sai ya ajiye kuɗi a hannu, kuma wannan ilimin babu shi a cikin kwamfutar kowane kamfani. Biskit kuwa ana iya yin sa a Legas ko a Ibadan, a loda katan-katan a tirela, ya yi wata shida a sito bai san an yi ba.

Malamin Kasuwanci, Unguwar Rimi:
Alhaji, na gode, kuma ba na jayayya da kai a kan kwantai. Sai dai ina so in ja hankalinka ga cewa abin da ka lissafa a matsayin garkuwarku shi ne ainihin makamin Bimbo. Lokacin da Lorenzo Servitje da abokansa suka kafa kamfanin a birnin Meziko a watan Disamba na 1945, ba su zo da wani sirrin kwaɓi da sauran masu gashi ba su sani ba. Abu biyu suka yi: sun naɗe burodinsu a leda mai shara-shara domin mai saye ya gani da idonsa cewa babu funfuna, sannan suka ɗaure wa kansu kai kaya kowace rana har ƙofar ƙananan shaguna, su kwashe wanda ya kwana su ajiye sabo. Yau kamfanin yana da hanyoyin rarraba kaya sama da 50,000, kuma yawancin shagunan da yake kai wa a Meziko ƙananan tiredodi ne irin namu. Idan an duba da kyau, kamfanin sufuri ne da ya mallaki tanderu.

Kuma ba ya shiga ƙasa ya fara gini daga tushe sai nadiran. Sayen waɗanda suka riga suka kafu yake yi. Haka ya sayi ɓangaren burodi na Weston a Amurka a 2009, ya sayi na Sara Lee a 2011, ya sayi Canada Bread a 2014, har ya zamana kamfanin Meziko ne ke kan gaba wajen sayar wa Amurkawa burodi. Ranar da ya ga dama da Nijeriya, ba yaronka zai yi gasa da shi ba, yaronka zai ɗauka aiki.

Hajiya, Malali:
Ni tambayata ta masu gida ce, ba ta masu jari ba. Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya san ledojin L'usine da na 7Days da ake samu a kowane kanti a Makka da Madina, musamman burodin nan mai siffar jinjirin wata da ake cusa wa cakulan a ciki. Na taɓa mantawa da guda biyu a aljihun jaka, ban gan su ba sai bayan mun dawo gida da kusan wata guda, kuma da na buɗe ɗaya yana nan da laushinsa kamar jiya aka yi shi. Gaskiya ban iya ba yara ba, domin hankalina bai kwanta ba. Kek ɗin da nake yi da hannuna da ƙwai da bota ba ya wuce kwana huɗu a waje. To, mene ne ake zuba wa nasu da har yake gagarar funfuna, wadda ba ta jin kunyar kowa?

Mai Nazarin Abinci, Barnawa:
Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar wannan muhawara, don haka ki yi mini haƙuri in ɗan tsawaita. Abubuwa biyu ne ke lalata kayan gashi, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali dabam suke. Na farko funfuna, wadda halitta ce mai rai da ke buƙatar danshi. Na biyu ƙandarewa, wadda ke faruwa saboda sitacin fulawa yana sake ɗaurewa bayan ya huce, ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a wurin.

Game da funfuna, manyan kamfanoni ba su dogara da magani ɗaya ba. Suna ƙara sukari da mai da wasu sinadarai masu riƙe ruwa, ta yadda danshin da ke cikin kek ɗin yana nan amma a ɗaure yake, funfuna ba ta iya amfani da shi. Suna zuba ɗan sinadarin da ake kira calcium propionate ko potassium sorbate, waɗanda hukumomin abinci suka halatta a ƙayyadadden ma'auni. Abu mafi muhimmanci kuma, wanda mu a nan muka fi sakaci da shi, shi ne cewa kayan suna fitowa daga wuta babu funfuna a jikinsu, sai a wajen shan iska da ƙullewa ne take sauka a kansu daga iska da hannuwan ma'aikata. Su kuwa suna shanya kayan a ɗakin da aka tace iskarsa, inji ne ke sa su a leda ya liƙe ba tare da hannu ya taɓa ba. Game da ƙandarewa kuma, akwai sinadaran enzayim da ke hana sitaci ɗaurewa da wuri, su ne sirrin laushin da kika tarar.

Saboda haka ba guba aka zuba ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da ya kamata ya dame ki a wannan leda shi ne yawan sukari da kitse, domin su ne ke yin rabin aikin adanawar. Ki kuma lura cewa L'usine na kamfanin Almarai ne na Saudiyya, shi kuwa 7Days asalinsa na Chipita ne na ƙasar Girka, wanda Mondelez ya saya a 2022 a kan kusan dala biliyan 2. Mai Oreo bai biya wannan kuɗi don yana sha'awar siffar jinjirin wata ba. Ya biya ne don ya sami kayan gashi mai laushi da ke iya tafiya a tirela kamar biskit.

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:
Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali fiye da labarin Bimbo. Domin na lura shekarun nan yaran makaranta da 'yan acaɓa da a da suke sayen ƙaramin burodi su haɗa da shayi ko lemo, yanzu da yawansu kek ɗin leda suke ɗauka ko Gala. Mai tireda kuma ya fi son su, saboda ba ya fargabar kwantai. Ke nan ba lallai ne a zo a yi gasa da ni a kan burodi ba, ana iya janye mini masu saye a hankali da wani abu da ba burodi ba.

Dillalin Fulawa, Kasuwar Gumi:
Ranku ya daɗe, ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina ganin kuna leƙen ɓarawo ta taga alhali yana zaune a tsakar gida. Kuna tambayar yaushe manyan kamfanoni za su shigo harkar burodi, ni kuwa ina ce muku sun daɗe da shigowa ta buhu. Duk burodin da Alhaji ke gasawa, da fanken da ake soyawa a bakin titi, da cincin ɗin biki, da gurasar da ake kawowa daga Kano, daga fulawar kamfanoni ƙalilan ake yin su. Olam na Singafo ya sayi Dangote Flour Mills a 2019, Flour Mills of Nigeria mai Golden Penny ya sayi rinjayen hannun jarin Honeywell a 2022, sai masu niƙan suka ƙara raguwa. Alkamar da suke niƙawa kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari daga waje ake shigo da ita a jirgin ruwa, da dala ake biya.

Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, alkama ta tashi a duniya. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, buhun fulawa ya ninka ya wuce. A shagona na ga masu gidajen burodin da suke ɗaukar buhu ashirin sun koma biyar, na ga waɗanda suka daina zuwa gaba ɗaya, wasunsu da bashina a kansu har yau. Babu wani Bimbo da ya zo ya rufe su.

Malamin Kasuwanci, Unguwar Rimi:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma tana ƙara amsa tambayar farko. Kamfani irin Bimbo ko Yamazaki na Japan, wanda aka kafa a 1948 kuma har kantunan kansa yake da su, yana samun ribarsa ne daga ɗan abin da ke saura a kan kowace leda idan an ninka shi sau miliyoyi. Irin wannan lissafi yana buƙatar wutar lantarkin da ba ta yankewa, hanyar da mota za ta bi ta isa a kan lokaci, da kuɗin ƙasa da ba ya rawa. Inda babu waɗannan, ya fi musu sauƙi su sayar mana da abin da ba ya lalacewa.

Matashi Mai Neman Aiki, Rigasa:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni, ni dai ban ga abin tsoro ba idan irin waɗannan kamfanoni suka zo. Na yi wata bakwai ina aiki a wani gidan burodi da ba zan ambaci sunansa ba. Muna shiga da magariba mu fito da hantsi, babu safar hannu, babu takardar ɗaukar aiki, gumi yana zuba a kan teburin murji, kuma ranar da injin murji ya kama wa abokin aikina yatsu biyu, kuɗin mota kawai aka ba shi zuwa asibiti. Idan babban kamfani ya kafa masana'anta a Kakuri ko Kudenda, aƙalla za a sami albashi a ƙarshen wata, da tsafta, da ma'aunin da ba ya canzawa. Yau za ka sayi burodi a wuri ɗaya ya cika hannu, gobe ka saya ka tarar iska ce aka hura. Ban ce duk masu gidajen burodi haka suke ba, Alhaji ya yafe ni, amma mai saye da ma'aikaci su ma suna da haƙƙi a wannan magana.

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:
Ɗana, babu abin yafewa, domin ba ƙarya ka yi ba. Akwai irin waɗannan gidaje, kuma su ne ke ɓata mana suna. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin bromate da ke kumbura burodi, amma duk wanda ke cikin sana'ar ya san ba a rasa masu neman hanyar da kwaɓi kaɗan zai cika gwangwani. Abin da nake so ka gane kawai shi ne, ni mutum goma sha huɗu nake ciyarwa da buhu takwas a rana. Injin babban kamfani zai cinye buhu takwas kafin ka gama alwala, kuma mutum biyu ne za su tsaya a kansa.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri:
Jikana na Rigasa, zo kusa ka ji. Na yi shekara ashirin da shida a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a lokacin da idan aka tashi daga aiki kekuna ke rufe titi har ba ka ganin kwalta. Mu ma mun ɗauka babban kamfani dutse ne. Ranar da lissafinsu ya daina fita aka sa kwaɗo a ƙofa, kuma har yau akwai abokan aikina da suka rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Ban faɗi wannan don in hana ka son aikin albashi ba, sai don ka san cewa wanda ya zo saboda lissafi, lissafi ne zai mayar da shi.

Ɗana da ke karatu a waje ya taɓa ba ni labarin wani kamfanin kek na Amurka da ya rufe ya sallami dubban mutane, daga baya aka sake buɗe shi da ma'aikata kaɗan. Malamin Unguwar Rimi, idan ka san zancen ka warware mana shi.

Malamin Kasuwanci, Unguwar Rimi:
Baba, Allah ya ƙara girma, Hostess ake nufi, mai kek ɗin Twinkies da aka fara yi tun 1930. A ƙarshen 2012 kamfanin ya durƙushe bayan bashi ya yi masa katutu kuma ma'aikatan gashi sun shiga yajin aiki, mutane kusan 18,000 suka rasa aikinsu. A 2013 wasu masu jari suka sayi sunayen kek ɗin da wasu masana'antun, suka dawo da shi kasuwa. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda suka yi. Sun dawo da kek ɗin bayan an tsawaita kwanakin da yake yi bai lalace ba daga 26 zuwa 45, kuma da wannan kaɗai suka daina buƙatar dubban direbobin da ke zagaya kantuna kullum, suka koma tura kaya manyan sito-sito, daga can 'yan sari su ɗauka. Suka zuba sababbin injuna, suka rage masana'antu. Bayan shekara goma, a 2023, kamfanin J.M. Smucker ya saye shi a kan kusan dala biliyan 5.6. Kek ɗin bai canza suna ba, masu ci ba su ragu ba, amma yawancin ayyukan ba su dawo ba.

Shi ya sa nake ganin maganar Mai Nazarin Abinci da ta Baba magana ɗaya ce. Duk kwana ɗaya da aka ƙara wa kayan gashi a cikin leda, an rage buƙatar tanderun unguwa da mai kai kaya na unguwa.

Matashi Mai Neman Aiki, Rigasa:
Na ji, Baba, kuma na gode. Amma ko da ayyukan ba su da yawa, ai mai saye zai sami sauƙin farashi, tunda mai yin da yawa ya fi iya sauƙaƙawa.

Mai Nazarin Abinci, Barnawa:
Ƙanena, da farko haka ne, kuma tarihi ya nuna hakan. A Ingila, tun da aka ƙirƙiro hanyar kwaɓi ta Chorleywood a 1961, wadda inji mai gudun gaske ke bugun kwaɓi cikin 'yan mintuna maimakon a bar shi sa'o'i yana tashi, burodin yanka-yanka ya yi arha, kuma ta ba su damar amfani da alkamarsu ta gida wadda ba ta da ƙarfi sosai. Ƙananan masu gashi da yawa sun rufe, kasuwa ta koma hannun kamfanoni irin su Warburtons da Hovis. Amma sauƙin farashi ba alkawari ne na har abada ba idan masu sayarwa suka zama 'yan kaɗan. A Kanada, a 2023, kotu ta ci kamfanin Canada Bread tarar dalar Kanada miliyan 50 bayan ya amsa laifin haɗa baki wajen ƙara farashin burodi. Adalci ne in ce laifin an yi shi ne kafin Bimbo ya sayi kamfanin. Idan hakan ta faru a ƙasar da hukumominta ke da haƙora, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Akwai kuma batun lafiya da Hajiya ta fara tayarwa. Meziko, mahaifar Bimbo, tana cikin ƙasashen da ƙiba da ciwon sukari suka fi addaba, har a 2020 gwamnatinsu ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk ledar da sukari, kitse ko gishirinta ya wuce ƙima, ta kuma hana sa hotunan zane masu jan hankalin yara a kan irin waɗannan ledoji. Ɗan farin beyar nan da ke alamta Bimbo sai da ya sauka daga kan kayayyaki da dama a ƙasarsa ta haihuwa.

Hajiya, Malali:
To ai mu nan ko kwanan watan lalacewa ba kowa ke dubawa ba, balle ma'aunin sukari. Ni abin da ke ba ni takaici shi ne, muna da alkaki da dubulan da nakiya, waɗanda kakanninmu suka san yadda za su yi wata da watanni ba su lalace ba, da zuma ko sukari da suya kawai, amma ba ka ganinsu sai a gara ko ranar suna. Babu wanda ya sa su a leda mai kyau ya kai kanti da sunansa da lambar hukuma, sai 'yan mata ƙalilan da ke tallatawa a WhatsApp. Parle-G na Indiya biskit ne na talakawa, ga shi har tiredar ƙofar gidana ya iso.

Dillalin Fulawa, Kasuwar Gumi:
Hajiya, alkaki ma da alkama ake yi, sai dai shi tamu ta gida ta ishe shi, wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Haɗeja da bakin tafkin Chadi. Matsalar ita ce ba ta da yawa. An gwada hana shigo da alkama a 1987 zamanin Babangida domin a tilasta nomanta, ba a je ko'ina ba aka janye. An gwada cusa garin rogo a fulawa zamanin Obasanjo, aka sake tayar da maganar zamanin Jonathan lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, har aka riƙa nuna burodin rogo a talabijin. Ku tambayi Alhaji ko buhu nawa na garin rogo ya taɓa saye.

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:
Ko mudu ban taɓa saye ba, kuma ban san inda ake sayar da wanda ya dace da burodi ba a garin nan.

Malamin Kasuwanci, Unguwar Rimi:
Akwai wani rukunin kamfanoni da ba mu taɓo ba, waɗanda sunansu ba ya fitowa a leda. Aryzta na Suwizalan, Europastry na Sifen, Bridor na Faransa da Lantmännen Unibake suna yin kwaɓi ne ko su gasa shi rabi, su daskarar da shi, su aika wa otal-otal da manyan kantuna, a can a ƙarasa gashin cikin mintuna kaɗan, mai saye ya ji ƙamshi ya ɗauka a nan aka kwaɓa. Wannan hanya ba ta da barazana gare mu a yanzu, domin kayan da dole ya zauna a daskare tun daga masana'anta har kanti ba zai jure wutarmu da kuɗin man janareta ba.

Na kawo su ne saboda Lantmännen. Wannan ba na wani attajiri ɗaya ba ne, ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta dubban manoman Suwidin, waɗanda suka mallaki gona da injin niƙa da gidan gashi gaba ɗaya. Alhaji, ina tunanin ko masu gidajen burodin Kaduna, da yake kuna da ƙungiya, za ku iya fara ko da sayen fulawa da sukari da leda a dunƙule kai tsaye daga kamfani, ku kuma haɗa kuɗi ku kafa ɗaki ɗaya mai injin ƙullewa da kowa zai riƙa kai kek da cincin ɗinsa. Abin da ya sa manyan nan suka fi ku ba daɗin kaya ba ne, saye da yawa ne da ƙullewa mai kyau.

Dillalin Fulawa, Kasuwar Gumi:
Malam, wato ni za a fara yankewa ke nan. Ba komai, amma ka sani kamfani ba ya ba da bashi, kuɗi a hannu yake karɓa kafin tirela ta tashi. Rabin masu gidajen burodin da nake hulɗa da su sai sun sayar suke biyana. Duk ƙungiyar da za ta maye gurbina sai ta fara tanadin wanda zai ɗauki wannan nauyi.

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:
Maganar dillali gaskiya ce, kuma ni kaina ina cikin rabin da ya ambata. Mun taɓa gwada sayen haɗin gwiwa mu tara a yankinmu. Karo na farko lafiya lau, karo na biyu mutum uku ba su kawo kuɗinsu a kan lokaci ba, kafin su kawo farashi ya tashi, aka rabu ana zargin juna. Ban ce ba za a sake gwadawa ba, amma sai an sami amintaccen da zai riƙe asusu da ƙa'idar da ba ta duba fuskar kowa.

Batun injin ƙullewa kuwa ya shiga raina, domin cincin da kek ɗin gwangwani da matata ke yi suna da masu so har Zariya, leda ce kawai ke kayar da mu. Mai Nazarin Abinci, idan babu damuwa ina so ka zo ka duba ɗakin da muke shanya burodi, domin tagarsa tana kallon kwata ne, kuma tun da ka yi maganar iska nake zargin daga nan funfunar damina ke shigo mana. Yanzu dai yara sun kira ni cewa kwaɓin dare ya tashi, zan je in duba wuta.

Mai Nazarin Abinci, Barnawa:
In sha Allahu zan shigo ranar Asabar bayan azahar, Alhaji. Kafin nan a rufe tagar da raga mai ƙananan ido, a daina sa burodi a leda yana da ɗumi, domin gumin da yake yi a ciki shi ne ruwan da funfuna ke sha. Ka ajiye mini guda biyu daga gashin Laraba, ɗaya a leda ɗaya a buɗe, in ga yadda suka kwana.